Lambun bayan ɗaki ya haɗa ni da uwar mijina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, ina aure a Rigasa, 'ya'yana uku. A bayan ɗakinmu akwai ɗan fili da ba a yi wa siminti ba, bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Da kayan miya suka yi tashin gwauron zabi sai na ce bari in yi lambu irin wanda nake gani a waya. Na sayi irin tumatir da latas har da sitiroberi, na shuka a watan Yuni. Sitiroberi ko tsirowa bai yi ba, latas ya ruɓe, tumatir ya tashi gwanin sha'awa sannan ya fara yaushi ɗaya bayan ɗaya. Uwar mijina, muna ce mata Inna, tana zaune da mu tun da rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyensu a ƙasar Birnin Gwari. Rannan na dawo daga makaranta na tarar ta tuge tumatir ɗin kaf, ta watsa rama da yakuwa a wurin, ko ta tambaye ni. Na haɗiye ban ce komai ba. Ga shi kullum sai ta fita ta tsinko tafasa a bakin hanya da kangaye ta yi wa yara kwaɗo, in 'yan talla sun zo kuma ta saya musu su ɗinya da goruba. Ni kuwa ina tsoron ƙazanta da guba. Wata rana na kwashe tafasar da ta baza a faifai na zuba a shara, ashe tana kallona ta taga. Tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Maigida ya ce shi ba ruwansa da rigimar ganye. Anti, in haƙura da lambun ne? Kuma yaya zan hana ta ba yarana kayan daji ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Wata baiwar Allah daga Rigasa, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki haƙura da lambun. Tambayarki ta biyu kuwa ba zan amsa ta yadda kika yi ta ba, domin hana Inna ba hurumin matar ɗa ba ne, kuma yawancin abin da take ba yaran nan ba abin hanawa ba ne. Akwai inda tsoronki yake da gaskiya, zan zo kansa. Amma bari in fara da wanda ba za ki so ji ba: zubar da tafasar nan laifi ne, kuma ya fi tuge tumatir ɗin nauyi.

Ki duba abin daga inda take zaune. Mace ce da ta yi rayuwarta da gayaunarta da rumbunta, wadda ba ta san a sayi ganyen miya da kuɗi ba. Ita ce mai aiko wa 'ya'yanta na birni kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa duk kaka. Yau tana ɗaki guda a gidan ɗanta, a kawo mata ta ci, a ce Inna ku huta. Tafasar da take tsinkowa ita kaɗai ce abin da ya rage take sa wa gidan da hannunta. Ko ba haka kika nufa ba, abin da ta ji shi ne an ce mata ƙazama, an kuma ce abincin da ta raini mijinki da shi bai isa ya shiga bakin 'ya'yanki ba.

Saboda haka gobe da safe, in ta idar da lazimi, kafin yara su cika ɗakin, ki shiga ki durƙusa ki ce, “Inna, na yi kuskure, ku yafe mini.” Iyakar maganar ke nan. Kada ki ɗora mata da “ai tsoro na ji”, kada ki tayar da zancen tumatir don a yi ɗaya da ɗaya. Za ta ce “ba komai, Allah ya yafe mana”, ko da akwai komai. Ki karɓa a haka. Kunyar surukuta ba za ta bar ta ta zauna tana zayyana miki ɓacin ranta ba, kuma manya ba sa saukowa a yini guda.

To, tumatir. Ban ce ta kyauta da ta tuge ba ta jira ki ba. Kuɗinki ne da guminki, ko ba komai a bari ki dawo. Amma a wajen noma abin da ta yi shi ne daidai. Tumatir da ya tashi kore shar, sai ya langaɓe da rana alhali ƙasa a jiƙe take, ya ɗan farfaɗo da yamma, bayan kwana biyu uku ya kwanta gaba ɗaya ganyensa na kore, mafi yawan lokaci cuta ce daga cikin ƙasa ta shiga ta toshe masa hanyoyin ruwa. In kika sake ganin haka, ki yanke karan kusa da gindi, ki tsoma bakin a kofin gilashi mai ruwa garai, ki riƙe kada ki motsa. Idan cutar bakteriya ce, cikin 'yan mintuna za ki ga wani farin abu siriri yana zubowa daga bakin karan yana sauka ƙasan kofin. Wannan in ta kama ba ta da magani. Abin yi shi ne a tuge, a fitar daga gidan, a kuma ɗau shekaru ba a sa tumatir ko danginsa a wannan ƙasar ba, wato attaruhu, tattasai, barkono, yalo, gauta da dankalin Turawa. A sa abin da ba danginsu ba. Rama da yakuwa kuwa ba danginsu ba ne. Inna ba ta buƙaci kofin gilashi ba, ta riga ta ga irin wannan yaushin a gonaki tun kafin a haife ki.

Kuma matsalar ba hannunki ba ne, lokaci kika kuskure. Ruwan Kaduna yana sauka daga ƙarshen Afrilu ko Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ya ɗauke a Oktoba, kuma abin da muke samu a shekara ya haura milimita 1,000. Tumatir ba ya son ganyensa ya kwana a jiƙe. Shi ya sa mafi yawan tumatir ɗin Arewa na noman rani ne: a yi renon iri a Satumba ko Oktoba, a yi dashe bayan kamar wata guda, a fara ɗiba a Janairu da Fabrairu. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai furen ya riƙa kakkaɓewa. Abin haushin shi ne, lokacin da na bayan ɗakinki zai nuna shi ne lokacin da motoci ke sauke kwanduna a Bakin Dogo daga fadamun Zariya da Ikara da Kadawa, masu kaya na roƙon a saya. Lokacin da yake tsada kuwa, daga Mayu zuwa tsakiyar damina, ko manoman gaske wuya suke sha da shi. Kin dai tuna shekarar 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ke mai tabarma huɗu, ba da tumatir za ki rage kuɗin cefane ba. In ya yi araha a Fabrairu ki sayi kwando, ki yanka ki shanya kauɗa a wuri mai tsabta, ko ki markaɗa ki dafa ya ƙafe ki adana.

Sitiroberi kam ki yafe shi. Ana nomansa a ƙasar nan, amma a tsaunin Filato, wajen Vom, inda tudun ya haura mita 1,200 daga teku. Kaduna kusan rabin haka take. Su ma can galibi ba ƙwaya suke shukawa ba, 'ya'yan da uwar ke miƙawa a ƙasa suke cirewa su dasa. Masu bidiyon da kike kallo, da yawansu a ƙasashen da Yuni ne farkon ɗuminsu suke, kalandarsu ba tamu ba ce.

Abin da daminarmu ke so ganye ne, kuma ganye ne ya dace da ƙaramin wuri, don ana yanka yana tohowa. Alayyahu ne kan gaba. Ƙwayarsa mitsi-mitsi ce, sai a cuɗa ta da yashi kafin a yayyafa don kada ta taru wuri guda, kuma ba a binne ta da zurfi. Mako uku zuwa huɗu kin fara ci, in kuma kina yanka kina barin gindi da 'yan ganye, zai ba ki yanka biyu ko uku kafin ya yi kai. Rama kan ɗauki wata guda da 'yan kwanaki. Yakuwa ta fi su riba: ki sha fate da miyar taushe da ganyenta duk damina, in yini ya fara gajarta ta yi fure, idan ja ce wajen Nuwamba ki cire zoɓo ki kuma ajiye iri. Kuɓewa a jiƙa ƙwayar ta kwana, a sa uku a rami a bar guda ko biyu, cikin wata biyu ta fara 'ya'ya, amma sai ana cira duk bayan kwana biyu, in aka bari ta ƙosa uwar sai ta rage haihuwa. Lalo yana da taurin kai wajen tsirowa, dabararsa a ƙulle irin a tsumma a tsoma a ruwan zafi na ɗan daƙiƙu, a shanya ya sha iska sannan a yayyafa. Duk waɗannan har yanzu ba ki makara ba in kika sa su cikin Agusta.

Ga yadda nake ganin za ku raba. Ƙasar ta Inna ce, bokitai naki. Bayan kwana biyu da ban haƙurin, ki same ta ki ce, “Inna, wurin nan na bar muku, ni ban iya ba, sai dai ku koya mini.” Kuma ki bar mata ɗin da gaske. Ko ta shuka abin da bai yi miki ba, ko jerin ya karkace, kada ki gyara. Ki sayo mata ƙaramar fartanya sabuwa, ki tambaye ta wane iri take so a nemo. Ranar Talata kasuwar Kawo na ci, matan ƙauye na kawo iri da ganye, in tana da ƙarfin zuwa ku tafi tare, ki bari ita ta zaɓa ta yi ciniki.

Naki lambun kuma a kan siminti zai zauna, cikin robobin fenti da tsofaffin bahuna da buhunan shinkafa. Ki huda ƙasansu da kyau, ki ɗora a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya riƙa fita. Jar ƙasarmu ta Kaduna in aka zuba ta ita kaɗai a bokiti, ta sha ruwa ta bushe, sai ta ƙame saiwa ta kasa ratsawa. Ki haɗa kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na taki da ya ruɓe, kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa. Na ce wanda ya ruɓe, don ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa kamar wata biyu, sai ya yi baƙi ya daina wari. Kada ki ɗebo ƙasar bola ko ta kusa da garejin makanikai, akwai fasassun batura da baƙin mai a ciki. Kada kuma ki ɗebi ta wurin da tumatir ya mutu, in ba haka ba kin kwaso cutar da hannunki. Buhu ba ya wuce shekara rana ta cinye shi, wannan ba abin damuwa ba ne, ki juye ƙasar a wani.

A bokitan nan abin da ya fi cancanta shi ne attaruhu. Yana jinkirin tsirowa, wani lokaci har mako biyu ko uku, kada ki ce ya mutu, amma in ya kama gindi guda kan wuce shekara yana ba ki, kuma shi ne kayan miyan da kuɗinsa ke ci wa mata tuwo a ƙwarya. Ki ajiye shi inda zai sami rana aƙalla awa shida, ba a ƙarƙashin indararo ba. Gindin albasa da kika yanke, ki dasa ya ba ki lawashi. Na'a-na'a ki ba ta robarta ita kaɗai, mamaye wuri take yi. Citta kuma a farkon damina mai zuwa ki sa a baho a gefen inuwa. Kudancin jiharmu, su Kachiya da Jaba da Kagarko, su ne gidan citta a ƙasar nan, kuma tun cutar da ta faɗa mata a 2023 kin ga yadda kuɗinta ya koma. Ki zaɓi ɗanya mai ido, marar tabo ko laushi, bayan kamar wata takwas ganyen ya bushe ki tone.

Ruwa da damina ba matsala ba ne, da rani ne za ki ji a jikinki in daga 'yan ga-ruwa kuke saye. Ki ajiye baho a wurin alwala, ki haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, ya ishi bokitai da yawa. Ruwan wanki mai bilic da ruwan banɗaki kada su je kusa. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima, kuma kada ki bar ruwa ya kwanta a buɗe kwana da kwanaki, sauro ne zai gode miki. In ƙwari suka zo, su darɓa da farin ƙuda, ki daka ganye ko 'ya'yan dogonyaro ki jiƙa su kwana, ki tace, ki ɗiga ɗan sabulu, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen, ki maimaita duk mako. Tsutsa kuwa a ƙaramin lambu hannu ne maganinta, yara ma za su so aikin. Fiya-fiya da danginta kada su taɓa abin da za a ci cikin mako, duk wanda ya ba ki wannan shawarar ki yi masa godiya ki wuce.

Yanzu kayan daji. Tafasa, rama, zogale, gasaya, ɗinkin, yaɗiya, waɗannan abinci ne na gaske, da su mutanen karkara ke tsallake tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ki auna abin da ke shiga tukunyarki da albashin malanta, za ki ga kwaɗon Inna cike giɓi yake yi. Ga ƙuli-ƙuli a ciki, ga albasa, ga ɗan mai. Yaran da suka saba da shi tun suna ƙanana ba za su tashi suna tsince ganye daga miya ba.

Inda kike da gaskiya shi ne wurin da ake tsinkowa. Dajin ƙauyensu daban, kangon Rigasa daban. A nan kango shi ne bola, shi ne makewayin masu wucewa, kwata na malala a ciki. Bakin titi ga hayaƙi da baƙin mai. Mafi muni shi ne feshi: mutane yanzu ba sa nome ciyawa, maganin ciyawa suke fesa wa filayensu, kuma wani maganin sai ya yi kwanaki kafin ganye ya nuna alama, ki gan shi kore alhali jiya aka fesa. Tafasawa da tsiyaye ruwan farko, wanda Inna ke yi dama, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba abin dogaro ba ne a kan maganin feshi. Mafita ita ce tafasar ta dawo cikin gida. Ciyawa ce mai rai, ba ta neman taki ko lallashi. In kaka ta yi, wajen Oktoba da Nuwamba, ki roƙi Inna ta tara muku busassun kwansonta, a watsa a gefen katanga, ruwan farko zai tayar da ita. Kafin nan a samo daga gonar wanda aka sani ba ya feshi, ko a saya a hannun matan ƙauye.

Akwai kuma abu guda da nake so yaranki su koya daga bakinta: bambancin tafasa da rai-ɗore, don tare suke fitowa a kango, furensu duka rawaya. Ganyen tafasa biyu-biyu ne jeri uku, bakinsa a zagaye, ya fi faɗi wajen ƙarshe. Na rai-ɗore mai tsini ne, jerinsa ya fi yawa, in aka murza yana da wari mai hawa kai. Ɗanyen 'ya'yan rai-ɗore in yaro ya ci da yawa suna illata hanta. Haka 'ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi, da na zurma, da zaƙami. Waɗannan su ne gubar da ya kamata ki ji tsoro, kuma duk a unguwa suke, ba a faifan Inna ba. Ki ce mata, “Inna, ku nuna wa yaran nan abin da ake ci da wanda ba a ci, ni ban san su duka ba.” In kuwa yaro ya haɗiyi ɗaya daga cikinsu, asibiti za a nufa da shi nan take tare da samfurin abin da ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jira a gani.

'Ya'yan itacen da take saya musu, ki bar su su sha. Kowane da lokacinsa: ɗorawa da bazara, kaɗanya a farkon damina, ɗinya in damina ta yi nisa, kanya da magarya da kurna da aduwa in sanyi ya shigo, goruba kusan kullum. Farin garin cikin 'ya'yan kuka, wanda ake kaɗawa a nono, ya fi lemu bitamin C nesa ba kusa ba. Naki aikin wankewa ne da ruwa mai tsabta, musamman yanzu da damina lokacin amai da gudawa, kuma ki yi shi ba tare da shela ba. Ki karɓa da hannu biyu ki ce “an gode Inna, bari in ɗauraye musu”, shi ke nan. Ƙaramin da bai kai shekara huɗu ba kada a ba shi mai ƙwallo kamar ɗinya da magarya ya tsotsa shi kaɗai, shaƙewa ake gudu, a ɓare masa naman. Aduwa in ta yi yawa tana sakin ciki. 'Ya'yan tsada kuwa a sha naman a tofar da ƙwallon, ba a fasa shi a ci.

Maigida da ya ce ba ruwansa, da ruwansa tsundum. Uwarsa ce, kuma akwai maganar da daga bakinsa kaɗai za ta fito ta zauna lafiya. Dattijuwa tana fita ita kaɗai tana bin kangaye da bayan gari, a yanayin da ake ciki, ga macizai da damina, wannan shi ya kamata ya hana shi barci. Kada ki kai masa zancen a matsayin ƙara, in kika ce “Inna ta yi, Inna ta ce” zai toshe kunne, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ki ce masa kina tsoron fitar da take yi, kina so a ƙawata mata wurin nan ta sami abin yi a gida. Shi zai ce mata, “Inna, don Allah ku daina nisa, abin da kuke so za a kawo.” Shi kuma zai sayo ragar waya ko zana a kewaye wurin, don akuya guda ta maƙwabta in ta sami ƙofa a buɗe, aikin wata biyu ba ya kai mata minti goma. Ya kawo buhun taki biyu. In yana da abokin da ke da gona a bayan gari, wajen Rigachikun ko hanyar Zariya, ya riƙa karɓo mata tafasa da rama daga can.

Itatuwa kuma, in gidan naku ne, ku yi shawara ku uku. Mangwaro bai dace da wurin nan ba, inuwarsa za ta kashe lambun, saiwarsa ta tsaga katanga. Zogale biyu a kusurwa sun isa, reshe ma aka kafa da damina kamawa yake, sai dai a riƙa datse kansa in ya kai ƙirji don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe ya fi ƙarfin hannu. Ganyensa abinci ne mai kyau, amma kada wani ya ajiye maganin suga ko na hawan jini saboda shi, mai ciki kuma ta nisanci saiwarsa da ɓawonsa. Gwanda ita ce ta mai gaggawa, cikin shekara guda ana sha. Ki sa uku a wuri guda ki jira fure: namiji furensa ƙanana ne masu yawa a kan dogon sili, ba ya 'ya'ya, mace furenta babba ne manne da jikin itacen. Ki bar wadda ta fi lafiya cikin masu haihuwa, in babu namiji a maƙwabta ki bar guda. Ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi, sai a yi mata tudu. Ayaba kuwa akasin haka, wurin da ruwan alwala ke gangarawa nan ne gidanta.

Latas ɗinki yana nan, lokacinsa ne bai yi ba. Da ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ki yayyafa irin a baho, ki rufe da ƙasa shara-shara, in ya yi ganye huɗu ki rarraba a bar tazarar tafin hannu tsakani. Ki riƙa cire ganyen gefe kina barin zuciyar, zai kai ki har Fabrairu kafin zafi ya sa ya miƙe ya yi ɗaci. Lansir ya fi shi sauri, kamar mako biyu ana yanka. Karas ba a dasa shi, inda aka shuka nan yake zama, kuma yana son bokiti mai zurfi da ƙasa mai yashi marar tsakuwa. In har ranki na kan tumatir, ki yi reno a Satumba a ƙarƙashin rumfa, ki dasa gindi huɗu kacal a bokitai da sabuwar ƙasa, ki kafa musu sanda, ki riƙa zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba. Kafin ki sa irin ki kai wa Inna ta duba, ki tambaye ta ranar da ta ga ya dace a fara.